Gadon Hanjin Gidanmu

A gidanmu na Kwarbai ba wanda ya taɓa mutuwa da ciwon daji. Basir ke kashe mu. Shi ya ɗauke kakanmu tun ba a haife ni ba, shi ya ɗauke mahaifinmu bai kai hamsin ba, shi ya ɗauke ƙanensa mai ɗinkin hula. In ka ji yadda ake ambaton sa a zaman makoki, "ai basir ɗin gidan ne," sai ka ɗauka wata sarauta ce muka gada. Kowane namiji a gidan yana da galan ɗinsa na jiƙo a bayan ƙofa. Masu tallar maganin basir da lasifika a kan mota kuwa sun san ƙofar gidanmu, in sun iso sukan rage gudu su ƙara murya.

Haka muke har ciwon ya iso kan yayana, mai sayar da yadi a kasuwa. Ya daɗe yana ganin jini a bayan gida yana shan jiƙo, yana ramewa yana ƙara ɗaure tazuge. Wata rana ya faɗi a shago yana cikin auna wa wata mata shadda. A babban asibiti aka buɗe shi, aka yanke wani yanki na hanjinsa, aka kira abin da sunansa, kansar hanji. Allah ya sa an kama shi bai yi nisa ba, ya tashi. Da likitoci suka ga ƙarancin shekarunsa suka kuma ji tarihin mazan gidan, sai suka nemi izininsa suka aika jininsa da abin da suka yanke wani gwaji mai nisa. Mu har mun manta da zancen.

Wata Asabar ya kira ni zaure. Yana zaune a kan buzu, ya rame ya zama kamar mahaifinmu, abin da na ƙi jinin gani.

"Likita ta ce ka je," ya ce.

"In je in yi me, Yaya? Ni lafiyata lau."

"Shi ya sa take son ka je yanzu. An ga abin a jinina, kuma gado ne. Akwai gwajin da ake yi wa mai lafiya a san ko yana ɗauke da shi. Amma ta ce ba ta gwada kowa sai ta zauna da shi tukuna."

Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa babba don a samu a tashi. Matata ce ta bi ni da zancen har na karɓi rana.

Dole in yi bayanin matata, don in ba haka ba sauran labarin ba zai fahimtu ba. 'Yar Gwaggo ce, ita kuwa Gwaggo ƙanwar mahaifina ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ke nan matata abokiyar wasana ce tun muna yara, kuma aure bai hana ta komai ba, sai ma ya ba ta wurin zama. Gwaggo kuma ta haɗa mukamai biyu, gwaggo ce kuma suruka, ta kuwa zaɓi na farkon don ya fi ba ta damar faɗa. Gidanta na wajen Ƙofar Kuyambana, amma can kwana kawai take. Wuni a namu take yi tana duba abin da aka yi ba daidai ba. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka in tana son abu "Babana" take ce mini, in ba ta so kuwa "kai."

Ana gobe zan je, matata ta gaya mata a waya cewa Malam zai je asibiti, shawara. Da hantsi sai ga Gwaggo da ƙullin saiwar rawaya da ganyen gwanda. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta kama fuskata, ta ja fatar idona ƙasa.

"Ga shi nan kuwa, ya fara ƙwai-ƙwai. Fitsarinka fa?"

"Gwaggo, ba ciwon shawara ba ne. Shawara za a ba ni. Magana."

Ta saki idona. "Magana? Sai ka je asibiti za a ba ka shawara? Ni na mutu ne?"

Na yi mata bayanin da zan iya. Ta saurara tana girgiza kai, ta ce ita ta san inda ciwon ya fito, rijiyar tsakar gida ce, tun zamanin mahaifinta take cewa a rufe ta. Sannan ta ce tun da tarihin gida za a tambaya, ni me na sani? Ita za ta je. Ban gayyace ta ba, ban kuma san yadda ake hana ta ba.

Ɗakin ba irin wanda na zata ba ne. Ba gado, ba warin magani, kujeru ne da tebur da fanka. Likitar mace ce, ba za ta girme ni ba, mai magana a hankali kamar wadda ba ta da wani aiki a duniya sai mu. Ina zama na naɗe hannun riga na miƙa mata hannu, na kau da kai, don ni ba na kallon allura.

"Malam, mai da hannun rigarka," ta ce. "Yau ba jini. Yau hira za mu yi."

"Na ɗauki izini a ofis fa, likita."

"Ba a banza ka ɗauka ba. Hajiya ce?"

"Gwaggona ce."

"Kana son ta zauna? Abin da za mu faɗa naka ne, kai ke da ikon cewa wa zai ji."

Na dubi Gwaggo. Ta riga ta cire takalmi ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na ce ta zauna.

Likita ta fara da tambayar me na sani, me kuma nake tsoro. Na ce na san Yaya yana da abin, kuma ni ba na tsoron komai. Ta gyaɗa kai kamar ta yarda. Sai ta ɗauko farar takarda ta ce za ta zana gidanmu, maza da ɗan akwati, mata da da'ira. Ta fara daga kakanmu. Da na ce ya rasu, ta ja layi ta soke akwatinsa.

"Me kika yi masa?" Gwaggo ta tambaya.

"Alamar wanda ya rasu ke nan, Hajiya."

"Ai Allah ya riga ki. Kuma mu ba a akwati ake binne mu ba."

Daga nan aikin ya koma hannun Gwaggo. Duk wanda na faɗa sai ta gyara. Wanda na ce haɗarin mota ne ya kashe shi, ta ce da ma yana hanyar asibiti da ciwon ciki motar ta kife. Wanda na ce ɗan kaka ne, ta ce riƙo ne, ɗan abokinsa ne daga ƙauye, a fitar da shi. Ta tuno mutanen da ban taɓa jin sunansu ba, kowanne da laifinsa, wannan marowaci ne, wancan bai iya alwala ba. Likita tana tsince abin da take buƙata a cikin wannan ambaliya: shekara nawa ya yi, me ya kama shi, yaushe ya fara. Takarda ta cika, ta jona wata. Da aka zo kan aurena ta ja layi biyu tsakanina da matata, ta bi da biro ta haura ta koma wurin Gwaggo, zanen ya zagayo ya ciji wutsiyarsa. Ta ce kada in damu, rabin takardun da take zanawa a garin nan haka suke.

Sannan ta ajiye biro ta yi mana bayani. Ta ce jikin mutum kullum cikin sabunta kansa yake, musamman cikin hanji, kamar mai kwafar littafi ne da ba ya hutawa. Mai kwafa kuwa dole ya yi kuskure, don haka akwai masu bin baya suna gyarawa. Kowa yana gadon mai gyara ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A jinin yayana an tarar ɗaya daga cikinsu ba ya aiki tun haihuwa. Ɗayan yana riƙe da aikin shi kaɗai, amma in ya gaza a wani wuri, kuskure ya taru, daga nan ƙari yake farawa.

"Na gane shi," Gwaggo ta ce. "Ɗan gidanmu ne sak. Mazan gidan nan ba sa son aiki."

Likita ta yi dariya, ta ce duk wanda yake ɗauke da wannan, kowane ɗa da ya haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, mace ko namiji.

Nan na fara ciniki. Na ce ai tun da Yaya ya ɗauka, ni sai in samu ɗaya rabin. Ta ce ba rabon gona ba ne, kowane ɗa da nasa lissafin daban. Na ce ni da mahaifiyata nake kama, kowa ya sani, dubi hancina. Ta duba hancin nawa da gaske, ta ce hanci ne mai kyau amma ba ya ba da labarin hanji. Na ce ban taɓa ciwon ciki ba in ba na ci wake ba. Ta ce yayana ma haka zai ce kafin abin ya fara.

"In an gwada an samu kana da shi," ta ce, "ba yana nufin kana da kansa ba, ba kuma yana nufin lallai za ka yi ba. Yana nufin haɗarinka ya fi na sauran mutane sosai, kuma yakan zo da wuri. In ba a samu ba, kai da kowa ɗaya ne, 'ya'yanka kuma ba za su gada daga gare ka ba. Amma ba takardar dawwama ba ce."

"To in an samu, maganin fa?"

"Ba a cire shi daga jini. Abin da ake yi shi ne a riƙa leƙa hanjin duk shekara ɗaya ko biyu. Akwai wani siririn tiyo mai kyamara a bakinsa. In an ga tsiro tun yana ƙarami sai a cire shi nan take, kafin ya zama wani abu."

"Tiyon ta ina yake shiga?"

"Ta inda kake zato," Gwaggo ta ce.

Na zauna daidai a kujera. Ni mutum ne da ko wanzami ba ya ganin bayana sai da dalili. Na ce likita, ni magidanci ne, ina jan salla a masallacin ofis in liman bai zo ba. Ta ce ta gane, kuma ana ba da maganin barci, yawancin mutane ba sa tuna komai. Na ce ni ba tunawata ce ta dame ni ba, tunawar waɗanda ke ɗakin ce.

Gwaggo ta gyara zama ta yi tambayar da ni ma take cina ban iya fitarwa ba. Ta ce, "'Yar nan, wannan ba leƙen gaibu ba ne? Mutum yana zaune lafiya ku ce sai kun gaya masa abin da zai kashe shi."

"Ban san abin da zai kashe shi ba, Hajiya. Nawa ma ban sani ba. Abin da zan iya gani yana nan a jikinsa yau, tun ranar da aka haife shi yake nan, ko mun duba ko ba mu duba ba. Kuma in ya ce ba ya son sani, haƙƙinsa ne. Akwai masu zuwa su zauna a kujerar nan su tafi ba su dawo ba, ban kuma ga laifinsu ba."

Ta juyo wurina da tambayoyin da suka fi allura zafi. In sakamako ya zo ba daɗi, wa zan fara gaya wa? Na taɓa shiga damuwar da ta hana ni barci ko cin abinci? In ya zo da daɗi kuma, yaya zan kalli yayana? Wannan ban yi tunaninsa ba ko kaɗan. Ta ce yara ba a gwada su sai sun girma sun zaɓa da kansu, don haka zan iya ɗaukar shekaru ina kallon 'ya'yana ban sani ba. Ta ce in yi tunanin wa zai ji, don ta san garin nan, magana takan fita daga zaure ta dawo ranar da aka zo neman auren 'yar mutum. Gwaggo ta ce wannan kam gaskiya ne, ita kanta ta wargaza aure biyu da abin da bai kai wannan ba.

Mun kusa tashi likita ta sake jawo takardar. Ta ce abu ɗaya ya rage. Wannan gadon a wurin mata ba hanji kaɗai yake taɓawa ba, yakan kama mahaifa. A cikin matan gidan akwai wadda ta yi fama da zubar jini, ko aka yi mata aiki?

"Babu," na ce, ina murna an zo wurin da na sani. "Matan gidanmu ƙarfe ne. Ga misali nan a zaune."

Gwaggo ta kau da kai. Tana kallon fanka. Ban taɓa ganin an yabe ta ta yi shiru ba.

"Sa ni," ta ce.

"Na'am, Hajiya?"

"Na ce ki sa ni a takardar. An cire mini mahaifa. Shekarar da aka ce na tafi ƙauye wurin dangin mijina yin kaka, asibiti nake kwance. Suka ce ƙari ne marar kyau, suka kwashe komai. Mijina ya sani, uban wannan ya sani, duk sun mutu da shi a bakinsu."

"Gwaggo, ba ki taɓa faɗa ba," na ce.

"In faɗa wa wa? Kai? Ciwon mata ne. Kuma na warke."

Likita ta tambaye ta shekarunta a lokacin. Ta ce ba ta daɗe da wuce arba'in ba. Likita ta cike da'irar Gwaggo da baƙi a hankali. Ni kuwa na bi layin da idona, daga Gwaggo ya sauko kan matata, daga matata da ni ya sauko kan yaranmu. Na shigo ɗakin nan da tsoron tiyo, sai ga shi na manta da tiyo.

"Kada ku riga ni gudu," likita ta ce. "Wannan bai tabbatar da komai ba. Mata da yawa suna yin ciwon nan ba gado. Amma ya kamata Hajiya ta yi tunanin gwaji, don in ba ta da shi, 'yarta ta fita. In kuwa ta kai ga miji da mata duka suna ɗauke da shi, akwai maganar yara da za mu yi ta daban, kuma ba ƙarama ba ce. Ba mu kai can ba. Ku je gida ku yi tunani. Ba wanda zai ɗauki jinin kowa yau."

A hanyar dawowa Gwaggo ta sa mai keke ya tsaya a unguwar Kongo ta sayi awara. Muka ci a cikin keken. Da muka shigo cikin gari ta goge hannu a gefen mayafi ta ce, "Ni zan gaya mata. Kai in ka faɗa ɓatawa za ka yi."

Matata na yanka alayyahu a tsakar gida. Gwaggo ta jawo kujera 'yar tsugune ta faɗa mata komai kai tsaye, ba kwana. Ina daga bakin ɗaki ina jiran kuka. Matata ta ajiye wuƙa ta daɗe tana kallon uwarta.

"Shi ya sa kika dawo daga ƙauye ko gyaɗa ba ki kawo mana ba?"

"Shi ya sa."

"Na yi shekaru ina cewa dangin Baba marowata ne."

"Ai marowatan ne. Ba ki yi ƙarya ba."

Suka fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, suka riƙe juna. Ni na zame na fita masallaci tun lokaci bai yi ba.

Makonnin da suka biyo na zama mai gadin cikina. In ya yi ƙugi a ofis sai in ajiye aiki in saurara kamar ana sanarwa a rediyo. Na daina tashi daga bayan gida ban duba ba. Wata rana in tashi na yanke shawara zan yi gwajin, kafin azahar na warware. Matata ta ce in ban yi hankali ba tsoron ne zai kashe ni, a ce basir ne.

Na je shagon Yaya don ya matsa mini, ya ƙi. Ya ce likita ta hana shi tilasta wa kowa. Muna zaune yana ninke yadi, sai ya ce, "Ka yafe mini."

"Me ka yi mini, Yaya?"

"Da kuna zaune lafiya. Ni na jawo muku wannan."

Na ce ai ba shi ya ƙirƙiro abin ba, shi dai ya fara sanin sunansa. Ya leƙa waje ya ga ba kowa, ya ɗaga rigarsa ya nuna mini tabon. Daga ƙarƙashin ƙirji ya sauko har mara, da sawun ɗinki gefe da gefe kamar bakin buhu. Ban taɓa gani ba, ko lokacin da yake kwance. Ya sauke rigar ya ci gaba da ninke yadi, ya tambaye ni ko na ci abinci.

Da muka koma, likita ta sake bin komai da mu daga farko, kowa shi kaɗai, har ta tambaye ni yadda nake son a gaya mini sakamako, a hankali ko kai tsaye. Na ce kai tsaye, kada ta fara da tambayar iyali. Ranar aka ɗebi jinina da na Gwaggo. Ita ta miƙa hannu tana ba mai ɗiban labarin yadda ake dafa zogale, ni kuwa sai da aka ba ni ruwa.

Sakamakon ya ɗauki watanni. Ranar da aka kira mu, ni na fara shiga, da matata. Likita ta cika alkawari. Ko zama ban gama yi ba ta ce, "Malam, an samu. Kana ɗauke da shi." Na jira in ji duniya ta juya, ba ta juya ba. Yunwa na ji, irin wadda ban ji ba tun ranar awara. Matata ta kama hannuna a gaban likita, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, ta ce, "Kai dai ba a taɓa rabon abu a gidan nan ka bari ya wuce ka ba." Gwaggo ta shiga bayanmu, ta fito tana gyara mayafi. Ita ma an samu. Ta ce da ma ta sani, kuma har yanzu ba ta wanke rijiyar nan daga zargi ba.

Saura matata. Ta je nata zaman ita kaɗai, likita ta ce in jira a waje, na jira a benci kamar direba. Ta fito ta ce za ta yi. Jiran nata sakamakon ya fi nawa wuya nesa ba kusa ba, don yanzu an yi mana maganar yaran, mun san abin da ake tsoro in ɗa ya gaji abin ta wajen uwa da uba duka: ciwon kan kama shi tun yana ƙarami. A watannin nan ko wasa ta daina yi mini. Gwaggo ta daina faɗa, tana zuwa ta zauna ta tsince shinkafa ta tafi. Gidan ya yi tsit har maƙwabta suka aiko tambaya ko lafiya.

Nata ya fito babu. Ta fito daga ɗakin likita ta zauna kusa da ni a benci, ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta. Da ta gama ta share ido ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To. Ashe ni ce mai asali, kai ne bara-gurbi." Na ji daɗin zagin nan fiye da duk wani yabo da aka taɓa yi mini.

Leƙen farko ya zo bayan haka ba da daɗewa ba. Ana gobe aka hana ni abinci, aka ba ni wani ruwa mai gishiri-gishiri in sha har ya ƙare. Ba zan yi bayanin wunin nan ba, illa in ce buta ta san ta yi aiki, kuma matata ta kafa kujera a hanyar bayan gida tana yi mini sannu da zuwa duk dawowa. A asibiti aka ba ni wata riga da aka manta a ɗinke bayanta. Na kwanta ta gefe ina karanta duk addu'ar da na sani, ina neman wadda ta dace da irin wannan hali ban samu ba. Aka sa mini allura a hannu, wani ya ce in ambaci unguwarmu, ban ƙarasa Kwarbai ba.

Na farka matata na zaune a gefena da kwanon kunu. Likitan da ya yi aikin ya zo ya ce sun ga ɗan tsiro ɗaya, bai fi ƙwayar wake ba, sun cire shi, za a duba amma bai yi kama da abin tsoro ba. Daga baya aka tabbatar bai zama komai ba tukuna. Ya juyo mini da allon na'ura ya nuna mini cikina. Wani rami ne ja-ja mai sheƙi, da lanƙwasa bi da bi, tsaf kamar an share don baƙi. Na daɗe ina kallo. Shekara arba'in da ɗoriya ina yawo da wurin nan ina zuba masa tuwo da yaji, ban taɓa sanin haka yake da kyau ba.

Na tambaya ko za a iya tura mini hoton a waya. Likitan ya ce ba a cika nema ba, amma zai tura. Matata ta karɓi wayar ta ƙura masa ido, ta matso da shi ta nisanta.

"Malam, wallahi duk hotunanka ba wanda ka fi kyau kamar wannan," ta ce. "Sha kununka, ya huce."